Kofin 1970 a Bakin Magoya Bayan Asante Kotoko: Tsakanin Tarihi da Tarihihi

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Asante Kotoko da ke birnin Kumasi a ƙasar Gana ta ɗauki Kofin Zakarun Ƙungiyoyin Afirka sau biyu, a kakar wasa ta 1970 da kuma ta 1983, kuma tun daga wancan lokaci kofin bai sake kwana a Kumasi ba. Saboda haka, duk inda dattawan magoya bayanta suka haɗu, ko a majalisar shayi, ko a zaman makoki, ko a shirin wasanni na gidan rediyo, hira ba ta yin nisa sai ta gangara zuwa waɗannan shekaru biyu, musamman ta farkon. Matasan da ba a haifi iyayensu ba a lokacin suna iya lissafa sunayen 'yan wasan, su kuma kwaikwayi yadda mai tsaron gida ya yi da hularsa, tamkar da idonsu suka gani.

Wannan maƙala za ta dubi kakar 1970 ta fuskoki uku, wato abin da ya faru a filin wasa, da yadda ake ba da labarinsa a yau, da kuma halin da mazauna zango suke ciki a daidai lokacin. Batun ya shafi ɗalibin Hausa ta hanya biyu. Ta farko, zangon Kumasi yana cikin manyan matsugunan da ake magana da Hausa a wajen ƙasar Hausa, kuma ƙwallon Kotoko ta ratsa rayuwar wannan zango. Ta biyu, labarin kofin misali ne na kusa na yadda tarihi ke rikiɗa ya zama tarihihi tun waɗanda suka shaida shi suna raye.

2.0 Tarihi da Tarihihi

A nazarin adabin baka na Hausa, akan bambanta tarihi da tarihihi. Tarihi shi ne bayanin abin da ya auku, wanda ake iya bin diddiginsa ta lokaci da wuri da mutanen da abin ya shafa. Tarihihi kuwa labari ne mai tushe a tarihi, mutanensa na gaske ne, wurarensa sanannu ne, amma baki ya yi ta juya shi har ya yi masa ƙari da ragi. Irinsa ake samu a labaran jaruman yaƙi da na 'yan dambe da na mafarauta, inda ake ɗaukar rana ɗaya daga rayuwar gwarzo a mayar da ita tamkar ita ce rayuwar gaba ɗaya.

Tarihihi yana da ɗabi'u uku da za su yi amfani a nan. Yakan tattara dogon al'amari ya zuba shi cikin fage ɗaya. Yakan zaɓi tauraro ɗaya ya ɗora masa nauyin nasara. Sannan yakan tsallake abin da zai dagula daɗin labari. Duk ukun suna bayyana a hirar magoya bayan Kotoko.

3.0 Asalin Ƙungiyar

Tushen Kotoko yana komawa ga shekarar 1926, lokacin da wani direba ɗan Kumasi mai suna Kwasi Kumah, wanda ya ga yadda ake ƙwallo a Accra, ya kafa wata ƙungiya a garinsu. Ƙungiyar ta sauya suna fiye da sau ɗaya kafin 1935, shekarar da wani malamin makaranta, J.S.K. Frimpong, ya nemi izinin Sarkin Asante, Osei Agyeman Prempeh II, domin a raɗa mata sunan Asante Kotoko. An ƙaddamar da ita da wannan suna ranar 31 ga Agusta, 1935.

Neman izinin yana da dalili. Kalmar kotoko a harshen Twi tana nufin beguwa, kuma beguwa ita ce alamar daular Asante, mutanen da Hausawan da ke fataucin goro suke kira Tonawa. Kirarin daular, wanda ƙungiyar ta gada, yana cewa in ka kashe dubu, dubu za su zo, kamar yadda ake ɗauka cewa ƙayar beguwa ba ta ƙarewa. Haka kuma, a farkon wannan shekara ta 1935 ne Turawan Ingila suka amince aka maido da haɗaɗɗiyar masarautar Asante bayan sun rushe ta. Ke nan ƙungiyar ta tashi ne a matsayin tutar al'ummar da ta sha kaye a fagen yaƙi, take neman wani fagen da za ta ɗaga kai. Har yau Sarkin Asante shi ne uban ƙungiyar, kuma ja shi ne launin rigarta.

4.0 Zango da Ƙwallo

Alaƙar Hausawa da ƙasar Asante ta girmi ƙwallo nesa ba kusa ba. Fataken Kano da Katsina da sauran garuruwa sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, inda kasuwar Salaga ta kasance babbar mahaɗa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da kuma mamayar da Turawan Ingila suka yi wa Kumasi daga 1896, fatake da tsofaffin sojoji da malamai suka yi ta sauka a Kumasi. Unguwar da suka zauna aka kira ta zango, wato masaukin ayari, kalmar da mutanen Gana suke furtawa zongo. Daga baya zangon ya bazu zuwa unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo.

Wajibi ne ɗalibi ya lura cewa ba kowane ɗan zango ne Bahaushe ba. A zango akwai Mosawa da Wangarawa da Dagomba da Fulani da Zabarmawa da Yarabawa da mutanen Gwanja da na Wa. Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne Musulunci da baƙunta da harshen Hausa, wanda ya zama harshen kasuwa da masallaci da wasan yara. Manazarciya Enid Schildkrout ta yi bayanin wannan cuɗanya a littafinta na 1978 mai suna People of the Zongo, wanda ta gina a kan binciken da ta yi a Kumasi.

Daga irin waɗannan unguwanni, da kuma garuruwan arewacin Gana, Kotoko ta samu wasu daga cikin fitattun 'yan wasanta. Sunayensu kawai sun isa darasi ga mai nazarin harshe. Akwai Dogo Moro, wanda laƙabinsa Hausa ne tsantsa, da Mohammed Salisu, da Abukari Gariba, wato Abubakar Garba a lafazin wancan yanki. Wanda ya fi su shahara shi ne Osman Seidu, wanda duniya ta sani da Baba Yara, haifaffen Kumasi a 1936, wanda ake yi wa kirari da sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma.

Labarin Baba Yara shi ne ciwon farko da magoya baya suke tunawa. A 1961 shugaban harkokin wasanni na gwamnatin Kwame Nkrumah, Ohene Djan, ya kafa ƙungiyar Real Republikans a Accra, ya riƙa ɗebo zaɓaɓɓun 'yan wasa daga sauran ƙungiyoyi, aka ɗauke Baba Yara da Dogo Moro daga Kotoko. A watan Maris na 1963 motar Republikans ta yi haɗari a Kpeve da ke yankin Volta, Baba Yara ya samu rauni a ƙashin baya yana ɗan shekara 26. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, amma bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba, har ya rasu ranar 5 ga Mayu, 1969. A 2004 aka sa wa babban filin wasa na Kumasi sunansa, a zamanin Shugaba John Kufuor, wanda shi kansa ya taɓa shugabantar Kotoko.

5.0 Tabon 1967

Ba a fahimtar daɗin 1970 sai an san ɗacin 1967. Gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka sabuwa ce a lokacin, domin Oryx Douala ta Kamaru ce ta fara ɗaukar kofin a wasan ƙarshe da aka yi a Accra a farkon 1965. A 1967 Kotoko ta kai wasan ƙarshe, ta haɗu da TP Englebert ta birnin Lubumbashi a ƙasar Kwango, ƙungiyar da a yau ake kira TP Mazembe. An tashi ɗaya da ɗaya a Kumasi, aka tashi biyu da biyu a Kinshasa. Aka shiga taƙaddama a kan yadda za a raba gardama, har daga ƙarshe hukumar ƙwallon Afirka ta sa wasa na uku a Yawunde. Kotoko ba ta halarta ba, aka miƙa wa Englebert kofi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Abin da ake faɗa a Kumasi shi ne hukumar ƙwallon Gana da ke Accra ba ta isar wa ƙungiyar da saƙon ranar wasan ba, maganar da ta ƙara rura tsohuwar rashin jituwa tsakanin Kumasi da Accra.

Bayan 'yan makonni, a Janairun 1968, gishiri ya sake shiga miki. Tawagar ƙasar Gana, wadda ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka a 1963 da 1965, ta sha kashi da ci ɗaya mai ban haushi a hannun Kwango a wasan ƙarshe da aka yi a Habasha, kuma ɗan wasan Englebert, Pierre Kalala, shi ya zura ƙwallon. Englebert ta sake ɗaukar kofin ƙungiyoyi a 1968, ta kai wasan ƙarshe a 1969 inda Ismaily ta Masar ta doke ta. Ita kuwa Gana ta sake faɗuwa a wasan ƙarshe na ƙasashe a 1970, a hannun Sudan a Khartoum. A taƙaice, an shiga kakar 1970 mutanen Gana suna ganin martabarsu ta ƙwallo tana zamewa, kuma mutanen Kumasi suna jin suna bin Kwango bashi.

6.0 Kakar 1970 Kamar Yadda Ta Gudana

A watan Mayu na 1970 Sarki Prempeh II, wanda ya ba ƙungiyar sunanta, ya rasu, Otumfuo Opoku Ware II ya gaje shi. A cikin wannan yanayi na makoki da naɗin sabon sarki Kotoko ta bi zagayen gasar. A kan hanya ta fitar da Stationery Stores ta Legas, sannan a wasan kusa da na ƙarshe ta fitar da Ismaily mai riƙe da kofin. Englebert ma ta haye ta ɗaya ɓangaren, karo na huɗu ke nan a jere da take kaiwa wasan ƙarshe.

Daga cikin 'yan wasan Kotoko na lokacin akwai mai tsaron gida Robert Mensah, ɗan Cape Coast, da Osei Kofi wanda ya yi fice wajen yanka, da Ibrahim Sunday a tsakiya, da Oliver Acquah a baya, da Yaw Sam da Malik Jabir da Abukari Gariba. Mai horar da su shi ne Edward Aggrey-Fynn, wanda ya jagoranci tawagar Gana a matsayin kyaftin lokacin da ta ɗauki kofin ƙasashe a 1963.

An buga wasan farko a Kumasi ranar 10 ga Janairu, 1971, aka tashi ɗaya da ɗaya, daidai da sakamakon 1967. Wannan canjaras a gida ya sa da yawa suka fitar da rai, domin Englebert ba ta saba faɗuwa a ƙasarta ba. Ranar 24 ga Janairu aka yi wasa na biyu a Kinshasa, a filin da Muhammad Ali da George Foreman suka dambata bayan shekara uku. Abukari Gariba ya fara zura ƙwallo, Englebert ta farke, sannan ana dab da tashi Malik Jabir ya ci ta biyu. Aka tashi biyu da ɗaya, Kotoko ta zama ƙungiyar Gana ta farko da ta ɗauki kofin, kuma a gaban mutanen da suka karɓe shi a 1967. Ramuwar gayya, in ji Hausawa, ta fi gayya zafi.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da hira take sauyawa tun daga nan. Ana cewa kofin 1970, alhali a Janairun 1971 aka ɗauke shi. Ana kuma yawan cewa an je Zayar, alhali sai a watan Oktoba na 1971 Mobutu ya sauya wa ƙasar suna daga Kwango. Waɗannan ba kurakurai ne masu cutarwa ba, amma suna nuna yadda mai tuna baya yake kallon abin da ya wuce da sunayen da suka zo daga baya.

7.0 Hular Mensah

Mafi yawan magoya baya ba su je Kinshasa ba. Labarin ya iso musu ne ta rediyo da jaridu da bakin waɗanda suka dawo. A irin wannan yanayi, inda ji ya fi gani yawa, tarihihi yake samun ƙasa mai taushi.

Robert Mensah ya shahara da wata ƙatuwar hula da yake tsaron gida da ita, kuma abokan hamayya da dama sun ɗauka akwai asiri a cikinta. Yadda ake ba da labarin, alƙalin wasa ya ba Englebert bugun daga kai sai mai tsaron gida wanda 'yan Kotoko suka ɗauka na zalunci ne, har shugabanninsu suka yi niyyar janye 'yan wasa daga fili. Sai 'yan Kwango suka ce ba za a buga ba sai Mensah ya cire hula. Ya ƙi, aka yi ta ja-in-ja, har sojoji suka matso. Daga ƙarshe ya cire ta ya yi jifa da ita, ya shiga raga ya buɗe hannuwa, mai bugu ya ɗaga ƙwallo ta wuce saman turke.

Gundarin labarin ke nan, amma rassansa suna da yawa. A wata ruwaya soja ne ya sa bakin bindiga ya ɗaga hular yana neman laya. A wata kuma wani dattijon Asante ne ya shigo ya tuna wa Mensah kirarin beguwa, sannan ya yarda ya cire ta. Wasu suna sa bugun kafin ƙwallon Malik Jabir, wasu suna sa shi bayanta. Wasu ma suna ƙarawa da kalaman da suke cewa Mobutu ya furta lokacin miƙa kofi. Mai nazarin adabin baka zai gane wannan tsari nan take: an raba gwarzo da makaminsa, an bar shi shi kaɗai a gaban taron maƙiya, sai nasara ta zo ta tabbatar da cewa ƙarfin yana jikinsa tun asali. Haka ake ba da labarin ɗan damben da aka kwance wa laya, ko mafaraucin da kibiyarsa ta ƙare.

Abin da ya ƙara wa labarin ƙarfi shi ne ajalin Mensah. Wata tara da 'yan kwanaki bayan wasan Kinshasa, aka soke shi da fasasshiyar kwalba a wata mashaya a garin Tema, ya rasu ranar 2 ga Nuwamba, 1971. A wannan shekara mujallar France Football ta zaɓi Ibrahim Sunday a matsayin gwarzon ɗan wasan Afirka, Mensah ya zo na biyu. Wanda ya mutu da ƙuruciya ba ya tsufa a bakin mutane, ba ya kuma nan balle ya gyara abin da ake faɗa a kansa. Shi ya sa kakar da aka yi wata da watanni ana fafatawa ta koma minti biyar, ƙungiyar mutum goma sha ɗaya ta koma mutum ɗaya da hularsa, har waɗanda suka zura ƙwallaye biyun sukan zo a baya a cikin labarin.

8.0 Abin da Hira Take Tsallakewa

Ɗabi'a ta uku ta tarihihi, wato tsallake abin da zai dagula daɗi, ita ce mafi muhimmanci ga wannan nazari. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firaminista Kofi Abrefa Busia, wadda ba ta fi 'yan makonni a kan mulki ba, ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Mutane fiye da dubu 100 suka fita, mafi yawansu 'yan asalin Nijeriya, tare da na Nijar da Togo da Mali da ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. A 1970 aka ƙara da wata doka da ta keɓe ƙananan harkokin kasuwanci ga 'yan ƙasa.

Zango ne ya fi jin wannan bugu. A dokar lokacin, haihuwa a Gana kaɗai ba ta isa ta mayar da mutum ɗan ƙasa ba, don haka akwai waɗanda aka haifa a Kumasi, ba su san wani gari ba sai Kumasi, amma suka wayi gari a matsayin baƙi. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa da araha, an raba ma'aurata, makarantun allo sun watse. Ba wannan ne karo na farko ba, domin tun a 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden Lalemie, zuwa Nijeriya saboda adawar siyasa, duk da sun ce su haifaffun ƙasar ne. Karin maganar nan ta baƙo raɓa ɗan gari kaba ta zama doka a rubuce. Hatta 'yan arewacin Gana, waɗanda 'yan ƙasa ne ba tantama, sukan sha tambaya, domin suna da tufafi da unguwa sukan sa a haɗa su da baƙi.

Wata goma sha huɗu bayan wannan umarni, ƙwallaye biyun da suka kawo wa Asante babbar nasararta ta zamani sun fito ne daga ƙafar Abukari Gariba da ta Malik Jabir, mutumin Wa da ke arewa maso yammacin Gana, wanda a yau filin wasan garin yake ɗauke da sunansa. A tsakiyar fili kuma akwai Ibrahim Sunday. Wannan ba ya nufin cewa su baƙi ne ko Hausawa ne. Abin lura shi ne suna ɗauke da irin sunayen da a wancan lokaci suke sa a tsayar da mutum a nemi takardarsa, sai ga birnin Kumasi gaba ɗaya yana rera waɗannan sunaye a kan titi.

Daga nan za a iya fahimtar dalilin da ya sa kofin yake da nauyi na daban ga ɗan zango. Ga Ba'asante, kofin ya tabbatar da kirarin beguwa a gaban sabon sarki. Ga ɗan zangon da ya tsira daga kora, jar riga ta zama wata irin shaidar zama ɗan gida wadda ba ofis ne ya buga ta ba. Sai dai ƙwallo ba ta soke dokar ba, ba ta kuma maido da rumfar kowa ba. Waɗanda suka riga suka isa Kano ko Ogbomosho ko Yamai sun ji labarin nasarar ne daga nesa, a garuruwan da aka ce nasu ne amma suke baƙunta a cikinsu.

9.0 Maimaicin 1983

Bayan 1970 Kotoko ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1971 da 1973 da 1982, ta faɗi a hannun Canon ta Yawunde da Vita Club ta Kinshasa da Al Ahly ta Alƙahira. Sai a 1983 ta sake ɗaukar kofin, kuma wannan karon ma kora ce ta riga shi zuwa, sai dai ta juya fuska. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar Nijeriya, mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya suka koma gida. Sun tarar da fari da gobarar daji da ƙarancin abinci irin wanda ƙasar ta daɗe ba ta gani ba.

A ƙarshen wannan shekara mai wuya Kotoko ta sake haɗuwa da Al Ahly. Aka tashi babu ci a Alƙahira, sannan a watan Disamba Opoku Nti ya ci ƙwallo ɗaya tilo a Kumasi. Mai horar da ƙungiyar shi ne Ibrahim Sunday, wanda a tsakani ya je Werder Bremen ta Jamus a 1975. Ya zama ke nan ya ɗauki kofin yana ɗan wasa, ya kuma ɗauke shi yana koci, kuma shi ne zaren da ya ɗinke kakunan biyu. Tun daga nan ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na wannan gasa sau ɗaya kacal, a 1993, inda Zamalek ta doke ta a bugun fenariti.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa kakar 1970 tana rayuwa a matakai biyu. A matakin tarihi akwai ranaku da sakamako da sunayen waɗanda suka ci ƙwallo. A matakin tarihihi akwai hula da soja da dattijo da gwarzon da bai tsufa ba. Kowanne yana da aikinsa, domin tarihi yana faɗin abin da ya faru, tarihihi kuma yana nuna abin da mutane suka ga ya cancanci riƙewa. Aikin manazarci shi ne ya saurari ruwayoyin duka, ya jera su, sannan ya tambayi abin da aka tsallake da dalilin tsallake shi.

Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin. Waɗanda suka buga wasan suna ta raguwa, Abukari Gariba ma ya rasu a 2021, kuma yaron da ya saurari wasan yana ɗan shekara goma sha biyar ya kusa saba'in ko ya haura. A zangon Kumasi da Hausa ake yin wannan hira, Hausar da take da nata lafazi da nata aron kalmomi daga Twi da Ingilishi. Ɗalibin da ya zauna da waɗannan dattawa ya naɗi hirarsu zai samu abu uku a zama ɗaya: samfurin karin harshen zango, da tarihihi yana cikin ginuwa, da kuma shaidar waɗanda suka ga motocin kora suna fita daga Aboabo a ƙarshen 1969, suka kuma fito tarbar kofi a farkon 1971. Ya kamata ya tambaye su hular Mensah, domin da ita za su buɗe baki. In hira ta yi nisa, sai ya tambaye su su wane ne ba sa nan ranar da kofin ya iso.